Gwaggo Ta Ce Albarka

Ɗakin da Auta da mijinta suke haya irin ɗakin nan ne da idan ɗaya zai sa riga sai ɗayan ya hau gado ya ba shi wuri. Gado ne, sai kujera, sai akwatunan kayan aikin maigidan da suka cinye bayan ƙofa. A nan suka zauna da hantsin wata Asabar, shi a ƙasa ya miƙe ƙafa, ita a bakin gado ta tallafe cikinta da ya fara tura riga, suna shawarar da ta fi kowace girma tun aurensu: nawa za su taya gidan Gwaggo.

Shi gyaran firij da na'urar sanyaya ɗaki yake yi, kowa Injiniya yake ce masa. Ita a kemis take aiki, kuma 'Yar Jarida mijinta yake kiranta, don ba a taɓa gaya mata magana ta ce to ta yi shiru ba. Sai ta ji wa ya faɗa, a ina, yana zaune ko yana tsaye.

A wurin aiki ya gano gidan. Wata dattijuwa ce ta kira shi firjinta ya daina sanyi, yana tsugunne a bayansa ta ce ya gyara da kyau don tafiya firjin zai yi. Ɗanta ya matsa mata ta koma wurinsa, gidan ma sayarwa za ta yi, kuma ba ta son dillali ya riƙa kwaso mata baƙin fuska suna leƙa mata banɗaki. Da Injiniya ya kai matarsa ta gani, nan take Auta ta laƙaba wa dattijuwar sunan Gwaggo, ita kuma ta amsa.

Gidan ba irin wanda Auta take tara hotonsa a waya ba ne. Ɗaki biyu da falo, kicin ɗin siriri, babu tayil, silin ɗin ɗakin baya ya yi tabon yoyo kamar an zubar da shayi. Amma akwai 'yar tsakar gida da rana take sauka, akwai ƙofar da mutum zai rufe ya san ba wanda zai ƙwanƙwasa masa don wata ya ƙare.

Ranar nan Auta ta samu daidai da ita. Ta tambayi me ya sa ƙofar kicin take buɗewa waje, me ya sa aka ɗaura cokali a kan famfo, me ya sa makunnin fitilar falo yake can ƙasa daidai gwiwa. Gwaggo kuwa, Allah ya yi ta da sanyin murya da tsawon zance. Maganar makunni kaɗai sai da ta faro daga shekarar da aka jawo wuta unguwar, ta biyo ta kan marigayi mijinta da ciwon bayansa, kafin ta iso. Injiniya har ya gaji ya fita duba rufi. Da za su tafi ta riƙe hannun Auta ta faɗi kuɗin da take so, ta ce su je su yi shawara.

To shawarar ce suke yi. Abin da suka tara bai kai ba, kuma a cikinsa ma sai an ware na gyaran rufi da na haihuwa. Injiniya ya so su zuba duka, Auta ta tambaye shi ko a ƙarƙashin yoyo za su kwantar da jariri. Ita kuma ta so su taya ƙasa sosai don a samu na tayil, ya ce ba zai iya kallon idon tsohuwar da wannan tayin ba. Suka yi ta ja har suka tsaya a tsakiya.

"Iyakarmu ke nan," in ji shi. "Ba bashi, kuma ba a taɓa mota. Idan ta sallama, alhamdu lillahi. Idan ta ce albarka, mu ce mun gode mu nemi wani."

"Ka yi alkawari?"

"'Yar Jarida, ko sai na sa hannu ne?"

Motar da yake nufi tsohuwar a-kori-kurarsa ce, wadda yake ɗaukar firji da tukwanen gas da tsani a ciki. Ba ta da kyan gani, ƙofar direba ma sai an ɗaga ta take rufuwa, amma ita ce abincinsu.

Suna cikin dariyar alkawarin Umma ta yi sallama. Mahaifiyar Auta ce, mace mai kirki wadda ba ta iya ɓoye abin da ke ranta ko na minti ɗaya. Injiniya ya tashi ya ba ta kujera, ya durƙusa ya gaishe ta, ya koma bakin ƙofa ya sunkuyar da kai. Da ta ji irin gidan, ta ce wannan ai akurki ne, yayar Auta bene take ciki. Da ta ji tayin kuma, sai ta riƙe haɓa ta ce wannan ai rainin hankali ne, wa zai ba da gida sukutum a haka? Yadda gida zai zama akurki kuma ya fi ƙarfin tayinsu a zama ɗaya, Umma ce kaɗai ta san wannan lissafin.

"Tsohuwar nan dariya za ta yi muku," ta ce, tana kallon 'yarta amma da surukin take. "Ni dai na riga na gaya wa dangi Auta za ta shiga gidanta. Kada a kunyata ni."

Maganar nan ta zauna wa Injiniya a ƙirji. Ranar Litinin ya yi ta ɗaga waya yana ajiyewa, ya ce bari ya gama wannan, bari ya gama wancan. Daga ƙarshe a saman rufin wani otal inda yake aiki ya kira Gwaggo, tsakanin manyan injinan sanyi da janareta yana ruri a ƙasa. Da ya dawo gida da la'asar bai ko cire takalmi ba ya zauna a bakin gado.

"Ta ce albarka."

Auta ta ji abin har cikin ranta, don duk wanda ya taɓa taya ko da tsintsiya ya san ma'anar kalmar: tayinka bai yi ba, ƙara ko ka yi gaba. Ta kawo masa ruwa, ta ce Allah ya sa haka ne mafi alheri. Ta so ta yi shiru, wallahi ta so. Amma bakin bai yarda ba. Ta tambaye shi me Gwaggo ta ce kafin albarkar, me ta ce bayanta, da wace irin murya.

"Albarka guda nawa ce a ciniki?" ya ce a fusace. "Na faɗi tayi, ta ce albarka, na ce mun gode, na kashe wayata. Ko so kike in tsaya ta yi mini dariyar da aka ce?"

Ba ta taɓa jin ya ɗaga mata murya haka ba.

Umma kuwa da labari ya je mata, sai ta mai da ɗakin nasu wurin zuwa. Yau ta ce a ƙara, gobe ta ce ai maza da zuciya ake saninsu, jibi ta ce mijin yayar Auta da zai yi gini har agogonsa ya sayar. Rannan tana fita ta tsaya a jikin a-kori-kurar, ta ƙwanƙwasa ta da yatsa, ta ce da ƙarfi yadda na cikin ɗaki zai ji, wai mutum yana da wannan a ƙofa ya bar matarsa ta haihu a ɗakin da ko shanya babu wurin yi.

Injiniya ya san ba a mayar wa suruka magana. Amma ya rage cin abinci, ya rage tsokana, sunan 'Yar Jarida ma ya ɓace daga bakinsa. Sai wata safiya yana wanka wayarsa ta yi ƙara, Auta ta ɗauka, wani mutum ya ce a gaya wa Injiniya ya ga motar ta yi masa, ranar Alhamis bayan azahar zai zo gareji su ƙarasa, a taho da takardu.

Da ya fito ta tare shi da waya a hannu. Bai musa ba. Ya ce zai ƙara kuɗin motar a kan tayin, aiki kuma ya riƙa ɗaukar hayar mota kafin Allah ya hore wata. Ta tambaye shi nawa zai rage masa a kowane gyara idan ya biya haya, wa zai kira mai gyaran da ba ya isowa sai rana ta faɗi, kuma ina alkawarin da suka yi a kan gadon nan.

"Alkawari da ke na yi," ya ce a hankali. "Amma kunyar da nake ji ta mahaifiyarki ce. Kullum na gaishe ta sai in ji kamar sato ki na yi."

Wannan ta fi faɗa ciwo. Auta ta ɗauki mayafi ta tafi wurin Umma, ta zauna a ƙasa ta riƙe ƙafarta, ta ce don Allah ta janye maganar mota. Ta yi zaton faɗa za a yi mata, sai ta ga idon Umma ya kawo ruwa. Umma ta ce ita a gidan haya ta haife su duka. Ta ce akwai shekarar da aka fito musu da kaya waje Auta tana goye a bayanta, maƙwabta suna leƙe, tana tattara kwanuka a cikin zani. Ba bene take so ba, ba kuma bakin dangi ne ya dame ta ba, wannan duk faɗa ne kawai. So take ta ga jikanta a gidan da ba wanda zai ce a fita.

"Idan kika hana shi," ta ce tana share ido da gefen mayafi, "kada ki ƙara kawo mini kukan haya."

Suka yi kuka tare, kowa da nata dalilin. Auta ta fito ba ta san bayan wa za ta bi ba. Idan ta bi Umma, mijinta zai shiga gidan kansa ba shi da abin ciyar da shi. Idan ta tsaya a kan alkawari, ta saɓa wa matar da ta goya ta ranar da aka watso musu kaya.

Amma ko a cikin kukan, akwai wani abu da yake mata susa a rai. Tana bayan kanta a kemis tana ƙirga wa mutane ƙwayoyi, abin yana dawowa. Matar da aka tambaye ta makunnin fitila ta faro daga shekarar da aka jawo wuta, ita ce za a taya gidan da ta yi rayuwarta a ciki ta amsa da kalma ɗaya tak? Ba tarihin tubali, ba marigayi, ba ko "ɗana ka yi haƙuri"? Auta ta juya abin ta kowace fuska, ya ƙi zama.

Ranar Alhamis da safe ta ce wa mijinta tana so ta je ta gaida Gwaggo. Ya ce kada ta je ta roƙa musu, shi ba a yi masa bara. Ta ce ba roƙo za ta yi ba, tambaya ɗaya ce. Ya dube ta, har bakinsa ya so ya yi murmushi.

"Ke da tambaya ɗaya? Ki je. Amma kada ki ambaci kuɗi."

Sai bayan azahar ta samu fita daga kemis. Ta tarar da falon Gwaggo cike da kwalaye an ɗaure, labule an sauke, firjin nan an naɗe shi da bargo. Gwaggo ta amsa sallama a daƙile, ba ta ko nuna mata wurin zama ba. Auta ta ce a ranta lallai tayin ya ɓata wa tsohuwar rai. Ta durƙusa ta gaishe ta, ta fara ba da haƙuri, ta ce ba raini ba ne, iya ƙarfinsu ke nan.

"Sai yau?" in ji Gwaggo. "Ku yaran zamani haka kuke ciniki? A sallama muku gida ku ɓace kamar an aike ku?"

Auta ta ɗago kai. "A sallama wa wa, Gwaggo?"

"Wa kuwa? Da mijin wata na yi waya?"

Sai zancen ya ɓalle, kuma kamar kullum daga nesa ya faro. Gwaggo ta ce ranar da yaron ya kira tana yankan farce, ta ji wata ƙara a bayansa kamar ana niƙa. Ya faɗi tayinsa da sauri kamar ana korarsa. Ita kuma ta ce masa kuɗin bai kai yadda ta so ba, amma ta tuna ita ma da ciki ta shigo gidan nan, kuma ba wanda ya taɓa tambayarta labarin cokalin famfo sai matarsa. Ta ce masa rufin ɗakin baya yana son gyara, wannan ma ragi ne. Sannan ta ce ta sallama, Allah ya sanya albarka.

"Ban rufe baki ba ya ce mun gode, ɗif ya kashe. Na ce oh, yaron nan murna ta hana shi magana. Na fara ɗaure kaya."

Auta ta zauna daɓas a kan wani kwali. Dariya da kuka suka taho mata tare, ta rasa wanda za ta fara. Duk jawabin nan injina sun cinye shi, kalmar ƙarshe kaɗai ta tsira, kuma ta faɗa kunnen mutumin da aka riga aka gaya masa dariya za a yi masa. Da ta bayyana wa Gwaggo, tsohuwar ta tafa hannu ta yi salati, ta ce yau ta ga abin da ya fi ƙarfinta, addu'arta ce ta kori mai saye.

Auta ta tambaye ta, to me ya hana ta kira su? Gwaggo ta ce ita ba ta taɓa bin mai saye da kaya a ka ba, ba kuma za ta fara da tsufanta ba. Ta ce ɗanta ya samo wani mai kuɗi da ya taya sama da nasu nesa ba kusa ba, kullum sai ya kira ya ce Mama mutanen nan wasa suke da ke. Ita kuma ta ce masa bakinta ɗaya ne, ta riga ta sallama. Amma ta yi masa alkawarin idan ya zo ɗaukarta ƙarshen mako ba su bayyana ba, ya yi yadda ya so.

A nan Auta ta tuna yau Alhamis, kuma azahar ta wuce. Nan take ta kira mijinta. Ya ɗauka, sai ƙarar gareji ta cika wayar, ana buga ƙarfe ana tayar da inji.

"Kada ka sayar da motar!"

"In sayar? Ai ga shi nan muna magana."

"Na shiga uku. Injiniya, don girman Allah ka fita daga cikin ƙarar nan. Ka je inda za ka ji ni tun daga farko har ƙarshe."

Ta jira har ƙarar ta yi nisa. Sannan ta sa wayar a sifika ta miƙa wa Gwaggo, ta ce ta maimaita masa, kuma a wannan karon kada ya kuskura ya ce mun gode sai an gama. Gwaggo ta gyara zama ta faro daga yankan farce. Bawan Allah ya tsaya a bakin titi ya saurari komai, da cikin da ta shigo da shi, da cokali, da rufi, har ta iso inda ta ce na sallama, Allah ya sanya albarka. Sai suka ji yana jan hanci.

"'Yar Jarida," ya ce da wata irin murya, "kada ki kashe."

Suka ji takunsa yana komawa cikin gareji, suka ji mai sayen motar yana cewa to Injiniya, a kan tayin nawa, ka sallama? Injiniya ya gyara murya, ya faɗa da ƙarfin da ko janareta ba zai danne ba:

"Albarka!"

Gwaggo ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce wannan kam kowa ya ji ta sarai.

A-kori-kurar nan ita ta kai firjin Gwaggo da kwalayenta gidan ɗanta, ita ta kwaso kwanon rufi, ita kuma ta ɗauko gado da kujera daga ɗakin haya, Umma a gaba ta rungume fitila. Da suka isa ta zagaya gidan tana taɓe baki, ta ce kicin ɗin ko juyawa ba a yi, ta ce wane ne ya sa makunni a gwiwa. Sai ta fito tsakar gida ta tsaya inda rana take sauka. Can ta kira surukinta, abin da ba ta saba yi ba, ta ce masa ya yafe mata maganar mota, tsoro ne ya sa ta. Ya durƙusa ya ce ba komai Umma. Ta ce to a ɗaura igiyar shanya daga nan zuwa can, kayan jariri yawa ne da su.

Tayil dai har yau ba a sa ba, kuma ba wanda ya mutu. Mai neman gida, ko mai neman komai, ya tsaya a kan abin da ƙarfinsa zai ɗauka, ya girmama tsoron iyaye ba tare da ya sayar da abincinsa a kansa ba. Kuma idan ya yi tayi, ya daure ya ji amsa har ƙarshenta, domin wanda ya tafi da ƙi a ransa, ko addu'a aka yi masa ƙi zai ji. Injiniya ya koyi wannan. Yanzu ko gaisuwa ake yi masa a waya sai ya kashe inji, kuma duk tambayar da 'Yar Jarida ta jefo, zama yake ya amsa ta.